Shekarun da Hotonmu Ya Ja da Baya

A shekarar 1997 kamfanonin Japan biyu suka fito da kyamarori biyu da suka kama hanya daban-daban. Olympus ya fitar da mju-II, 'yar kyamarar fim mai shiga aljihun riga, wadda in ka sa mata fim mai kyau ka kai gidan wanki nagari, za a iya faɗaɗa hotonta ya kai girman kalanda fuska ba ta watse ba. Sony kuma ya fitar da Mavica, kyamarar dijital mai kauri da ke ajiye hoto a faifan fulofi. Hotonta ɗigo 640 ne a kwance, 480 a tsaye, jimilla 307,200. In aka buga shi da tsabtar da ido ya saba gani a katin hoto, kaɗan zai ɗara hoton fasfo. Duk wanda ya jera hotunan biyu ya san wanda ya fi. Amma kafin a cika shekara goma, hanyar Mavica duniya ta bi, mu ma muka bi ta da murna.

Mu da muka ga sauyin nan da idonmu, daga Kano har Maraɗi, ci gaba muka ɗauke shi, kuma ta fuskoki da yawa ci gaban ne. Sai dai akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000, hoton sabuwar kyamarar da ake rububin saye bai kama ƙafar na tsohuwar da aka jefa a akwati ba. Mun ba da inganci mun karɓi sauri, kuma a lokacin ba mu ji zafin cinikin ba, domin wanda asarar za ta faɗa wa bai zo ba tukuna.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin kyamarar. Fim ɗin da kowa ya sani, mai zuwa a ɗan gwangwani da hoto 24 ko 36, kowane hoto yana cin fili mai milimita 36 a kwance da 24 a tsaye a jikinsa. An shafe filin da ƙwayoyin wani sinadarin azurfa masu jin haske, ƙanana ƙwarai, a warwatse ba bisa layi ba. A fim mai launi shafen hawa-hawa ne: wani hawa yana kama shuɗi, wani kore, wani ja, don haka kowane gurbi na hoton yana ɗauke da launuka ukun gaba ɗaya. Ita kuwa ƙaramar dijital, a madadin fim ɗan faranti gare ta da ake kira sensa. A yawancin na aljihu faɗinsa wajen milimita 6 ne, tsayinsa 4 da 'yan kai. In aka auna, filin fim ya ninka shi sau 30 ko fiye. Hoto kuwa da haske ake gina shi, kuma gwargwadon faɗin fili gwargwadon hasken da zai tara.

An yanka farantin nan gida-gida. Kowane gida shi ne ɗigo ɗaya na hoto, wato fiksel, miliyan ɗinsu kuma shi ne megafiksel ɗin da ake rubutawa a jikin kwali. Ka ɗauki kowane gida a matsayin kwanon da aka ajiye a tsakar gida ana ruwa. In yayyafi ake yi kuma kwanon ƙarami ne, abin da zai tara bai isa a gane yawan ruwan ba: wannan ya sami ɗigo uku, na kusa da shi ya sami ɗaya. Daga nan yashi-yashin nan mai ja da kore yake fitowa a hoton dare. In kuwa ruwa ya kece, ƙaramin kwano nan da nan zai cika ya tumbatsa, kuma da zarar ya cika babu mai iya sanin ko ruwan ya ninka cikinsa sau biyu ne ko sau goma. Wannan shi ne farin da ke shafe komai a hoton rana. Nagatif, wato fim ɗin, ba haka yake cika ba. Yayin da haske ke ƙaruwa, sannu a hankali yake rage karɓa, har ta kai ko hasken ya ninka abin da ake buƙata sau huɗu, mai wanki yana iya fito da hoto mai kyau daga cikinsa.

Ga kuma batun launi. Sensa yawan haske kawai yake ji, bai san ja ba, bai san shuɗi ba. Dabarar da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976 ita ce a rufe kowane gida da ɗan matacin haske mai launi ɗaya: rabin gidajen kore, kwata ja, kwata shuɗi. Ke nan kowane ɗigo launi ɗaya ya gani, sauran biyun kyamara ce ke ƙiyasta su daga maƙwabtansa. In ta gama ƙiyasin sai ta matse hoton a tsarin JPEG, wanda ke yanka shi murabba'i-murabba'i na ɗigo 8 a 8, ya zubar da abin da aka ɗauka ido ba zai lura da shi ba, don hoto ya sami wuri a memori. Shi ya sa atamfa mai ƙananan zane ko saƙar hula kan fito da wani birkitaccen launi da babu shi a jikinta, gashi da ciyawa kuma su cakuɗe.

Masu ƙera kyamarorin sun san tazarar nan sarai. A Kodak ɗin ne injiniya Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko mai ɗaukuwa a hannu a 1975, mai ɗigo 10,000 kacal, baƙi da fari, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. A 1992, da kamfanin ya fito da tsarin Photo CD na kwafe fim zuwa faifai, ɗigo 3072 a 2048 ya ware wa kowane hoto, wato megafiksel 6 da ɗoriya. Awon da masu fim da kansu suka ga ya dace da fim ke nan. Amma QuickTake 100 da Apple ya fitar a 1994 ɗigo 640 a 480 take ɗauka, kuma hoto 8 ke cika ta. Casio QV-10 ta 1995 ba ta ma kai nan ba, 320 a 240 ce. A 2000 Canon ya fito da Digital IXUS mai megafiksel 2, kusan daidai abin da katin albam mai inci 4 a 6 yake buƙata kafin ya fito tas. Ka faɗaɗa shi fiye da haka, sai gefen fuska ya fara nuna tsani-tsani.

A ƙasarmu raunin ya fi fitowa fili, saboda irin ranarmu da irin suturarmu. Ka tuna filin Idi da hantsi: magidanci cikin farar babbar riga ta shadda tana ɗaukar ido, fuskarsa kuma baƙa a inuwar rawani. Tsakanin hasken rigar da duhun fuskar akwai tazara mai faɗi, dole kyamara ta zaɓi ɗaya. In ta bi fuska, riga ta koma farin fili, aikin aska takwas da maɗinki ya yi watanni a kansa ya ɓace ɗungurungum, sama ma ta yi fari fat. In ta bi riga, fuska ta nutse, ba a ganin komai sai haƙora da farin ido. Nagatif yakan riƙe duka biyun gwargwadon hali, mai wanki ya zaɓi wanda zai fifita, in bai gamsar ba a sake wankewa. A hoton JPEG kuwa matakan haske 256 ne ga kowane launi, duk abin da ya kai matakin ƙarshe ya tafi ke nan. Babu gwanin kwamfutar da zai dawo da zaren da kyamara ba ta rubuta ba.

Da dare ma haka abin yake. A wajen kamu ko zaman lalle, a ɗakin da fitila ɗaya ke ci, fim mai lambar jin haske 400 yakan jure, ya fito da 'yan ƙwayoyin da ba sa damun ido. Ƙaramar dijital kuwa da an kai ta wannan lamba, duk inda duhu yake sai ya cika da ɗigon ja da kore. Sannan ga nawa. Tsakanin danna maɓalli da ɗaukar hoton takan tsaya neman saiti, wani lokaci har kusan daƙiƙa guda. Wanda ya taɓa ƙoƙarin kama mahaya suna jahi a hawan Daushe da irin wannan kyamara ya san abin da yakan samu: ƙura da wutsiyar doki.

Da kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka shiga tseren lamba, daga megafiksel 3 zuwa 5, zuwa 7, zuwa 10 da 12. Mai saye ba ya tambayar girman sensa, lambar jikin kwali yake tambaya. Farantin kuwa bai ƙara girma ba, gidajen aka yi ta tsukewa. Don a ɓoye yashin da hakan ya haifar sai aka koya wa kyamara goge shi, ta goge har da lallausan zanen fata da zaren tufa, fuska ta fito sumul ba alamar rai. Mu ma mun ƙara namu saboda tsadar memori. Katin da ke zuwa da kyamarorin farko sau da yawa megabayit 8 ko 16 ne, don haka mutane kan saukar da saiti zuwa mafi ƙanƙanta domin biki guda ya shiga kati guda. Sai ka ga kyamara mai megafiksel 3 tana ɗaukar hoton 640 a 480 da hannun mai ita.

To me ya sa muka yarda? Wanda ya yi zamanin fim ba zai yi mamaki ba. Kowane danni kuɗi ne: kuɗin fim, kuɗin wanki, kuɗin kati. Fim ɗaya kan kusa shekara a cikin kyamara, ya haɗa ƙaramar Sallah da babba da sunan jariri kafin ya ƙare a kai wanki. A ƙananan garuruwa sai an ba direba ko mai shiga birni, a zauna jira. Sannan ga maganar da ba wanda yake son ji daga bakin mai hoto: “bai fito ba,” ko “fim ɗin ya ƙone.” Yaro ya buɗe bayan kyamara, ko fim bai kama haƙorin naɗi ba tun farko, shi ke nan biki ya wuce ba shaida. Amarya ta rufe ido a hoton da ya fi kowanne muhimmanci, ba a sani ba sai bayan mako, baƙi sun daɗe da watsewa.

Adalci ne kuma a faɗi cewa fim ɗin da ya iso hannunmu ba kullum yake kai matsayin da ake yabonsa ba. Zafi yana lalata fim, ga shi yakan daɗe a shago cikin bazara har wa'adinsa ya wuce. Wasu gidajen wanki kan ja ruwan sinadari fiye da ƙa'ida don tsimi, hotuna su fito ja-ja ko kore-kore. Kyamarori masu arha gilashin roba gare su. Ƙarƙashin doguwar fitilar lantarki fim kan mai da fuska kore, ƙarƙashin ƙwan fitila ya mai da ita ruwan lemo, abin da dijital ke gyarawa da kanta. Akwai ma matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Tun shekarun 1950 Kodak ke raba wa gidajen wanki katin gwaji mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launin inji. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Raunin nagatif kuma a ɓangaren duhu yake, inda fatarmu take. Ƙwararrun masu hotonmu sun koyi ƙara wa fim haske da jan mutum zuwa inuwa mai sarari, amma ɗan koyo yakan dawo da fuska ba kamanni.

Abin da ya raba gardama shi ne ɗan allon bayan kyamara, wanda QV-10 ɗin nan mai raunin hoto ta fara kawowa kasuwar jama'a. Gani ya kori ji. A ɗauka, a taru a leƙa, a yi dariya, in bai yi ba a goge a sake. Allon da bai cika inci 2 ba ba ya nuna yashi, ba ya nuna aikin rigar da ya ɓace. Komai a cikinsa kyakkyawa ne. Kuma dijital ta buɗe ƙofofin da fim bai buɗe ba. A gidaje da yawa ba a son hoton matan gida ya bi ta hannun baƙin maza a gidan wanki, don haka ba a ɗauka, ko a ɗauka a takure. Da ta zo, mata suka riƙa ɗaukar junansu a cikin gida, hoto ba ya fita sai sun so. Da yawa daga matasan da ke cin abinci da kyamara yau a kan irin waɗannan ƙanana suka koya, tunda kuskure ya daina cin kuɗi. Wannan riba ce ta gaske, kuma ina ganin girmanta.

Kasuwa ba ta jira dijital ta cimma fim ba. A 2004 Kodak ya sanar da daina sayar da kyamarorin da ake sauya wa fim a Amurka da Yammacin Turai. AgfaPhoto na Jamus ya durƙushe a 2005. A farkon 2006 Nikon ya dakatar da yawancin kyamarorinsa na fim, Konica Minolta kuma ya fice daga sana'ar baki ɗaya. A 2012 Kodak da kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi. A garuruwanmu gidajen wanki suka koma buga hoto daga memori, fim ya yi wuyar samu, mai son sa ma ya haƙura. Ita ma ƙaramar dijital ba ta daɗe tana cin kasuwa ba. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121, daga nan adadin ya yi ta zubewa, domin wayar hannu ta karɓe aikin. Wayoyi masu arha da suka fara cika hannun jama'a kuwa sun sake mai da mu 640 a 480, daidai lokacin da kyamarar aljihu ta fara gyaruwa.

Sai yanzu ake ganin abin da aka baro. Nagatif ajiya ce, kullum yana riƙe da fiye da abin da aka wanke daga cikinsa. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yana aiki da manyan nagatif masu santimita 13 a 18. Waɗanda suka zauna gabansa ƙaramin kati suka karɓa suka tafi. Shi kuwa ya adana nagatif ɗinsa, dubbai, kuma a shekarun 1990 aka ɗauko su aka faɗaɗa don nune-nune a Turai da Amurka. Sai ga zanen atamfa da zoben hannu da kitso sun fito dalla-dalla, fiye da yadda masu hoton suka taɓa gani a katin hannunsu. A Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar salon gyaran gashin mata a 1968, ya tara hoto wajen dubu, har yau ana bin kowane layin kitso da ido. Nagatif ɗin mai hoton unguwa bai kai nasu girma ba, amma halin ɗaya ne.

Hoton dijital na farkon zamani ba shi da wannan ajiya. Abin da kyamara ta zubar ranar ɗauka ya zubu. Tsohuwa ta rasu, 'ya'ya su zo neman hoton da za su faɗaɗa su ajiye, su tarar wanda ya rage na taron suna ne a 2004, fuskarta a ciki ba ta wuce 'yan ɗigo ba. Yanzu akwai manhajojin da ke gyara irin wannan hoto su fito da fuska tas. Amma fuskar da suke fitarwa ƙiyasi ce daga ɗimbin fuskokin wasu mutane. Tana iya kama da marigayiyar, jikan da bai san ta ba ya ɗauka ita ce, alhali zanen gadon da ke kumatunta ya ɓace ko ya sauya.

Wannan ma ga hoton da ya tsira ke nan, da yawa ba su tsira ba. Da dijital ta zo aka rage wanke hoto a kati, tunda ana kallo a allo. Memori ya cika, aka goge don bikin gaba. An kwafe a kwamfutar shagon intanet ko ta ofis, ƙwayar cuta ta cinye, ko aka sayar da kwamfutar. An zuba a faifan CD, ya karce ya daina buɗewa. Fulofi da katunan SmartMedia da xD yau sai an sha wuya kafin a sami abin karanta su. Wanda aka ɗora a Facebook ya rayu, amma a matse. Shi ya sa a gidaje da yawa za ka tarar da hoton auren iyaye na shekarun 1980 a albam, launi ya ɗan koɗe amma ana gane kowa, na yaran da aka haifa bayan 2000 kuwa sai an yi ta cigiya.

Ba kiran a koma fim nake yi ba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, mu kuwa bana ta yi mana kyau. Wayar da ke aljihun ɗalibi yau tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗe su wuri ɗaya, ta riƙe farar riga da baƙar fuska tare, abin da ya gagari kyamarorin 2003. Manyan kyamarorin dijital sun cimma fim tuntuni. Har matasa a ƙasashe da dama sun koma neman tsofaffin kyamarorin aljihun nan don suna son launinsu da hasken filashinsu, kuma su zaɓa suka yi, suna da wata kyamarar a aljihu. Waɗanda aka ɗauka a wancan lokaci ba su da wani hoton sai shi. Abin da na fahimta shi ne ingancin hoto iri biyu ne. Akwai na ranar ɗauka, wanda ake aunawa da murnar waɗanda suka leƙa allo. Akwai kuma na bayan shekara 30, wanda ake aunawa da tambayoyin da hoton zai amsa wa wanda bai halarta ba: wace ce wannan, wane ɗinki ake yayi a lokacin, me aka rubuta a allon shagon da ke bayansu. Na farkon kawai muka duba.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne ceto. Duk gidan da ke da tsohuwar kyamara ko memori ko faifai a durowa, ya kamata a fito da su a kwafe a wuri biyu ko uku, a bar hoto yadda yake kada a matse shi ta WhatsApp, a zaɓi masu muhimmanci a wanke a kati, a rubuta suna da shekara a baya. Ƙaramin hoto na gaskiya ya fi babba na ƙiyasi. Nagatif kuma kada a zubar. A sa shi a takarda, a ajiye a busasshen wuri nesa da zafi da laima, domin injinan kwafe na yau suna iya zaƙulo abin da ba a taɓa gani a cikinsa ba.

Babbar ajiyar kuwa tana wajen tsofaffin masu hoto. A al'adar sana'ar, kati ake ba mai biki, nagatif ya zauna a shago. Waɗanda suka yi shekaru suna wannan aiki a Kano, Zariya, Sakkwato, Damagaram da Yamai, ta hannunsu naɗin sarauta da saukar karatu da rakiyar alhazai da tsofaffin kasuwanni suka bi, kuma abin da ya saura yana ɗakunansu. Suna tsufa, magada kuma ba lallai su san darajar abin ba. Cibiyoyi irin su Arewa House a Kaduna da Gidan Makama a Kano, da sassan tarihi na jami'o'inmu, su suka dace su nemi waɗannan dattawa, su saya ko su kwafa, su zauna da su a rubuta wane ne wane tun suna iya tunawa. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, amma yana buƙatar a fara shi yanzu, domin kowace damina tana cin rabonta daga abin da ya rage.